Sarewar da Ta Yi Shiru

Malamin badujalar makarantar ya tsufa a gaban ganguna da begila, ya kuma san abin da wannan aiki ke yi wa kunne. Wanda ya koya masa ma da kurumta ya ƙare, sai da hannu ake yi masa magana. Shi ya sa ranar da ya gama rubuta sabon kiɗan faretin ɗalibai a manhajar rubuta kiɗa, ya danna ta buga masa, gabansa ya faɗi. Ganga ta amsa, begila ta amsa, sarewa kuwa shiru. Ga alamominta nan jere a allon kwamfuta, ɗan layin da ke nuna inda kiɗa ya kai yana bi ta kansu, amma bai ji komai ba. Ya sha ji ana cewa siririn sauti ne ke fara guje wa mutum.

Ya ƙara murya har lasifika ta fara rawa a kan tebur. Ya canza wayar lasifikar, ya kashe kwamfutar ya kunna. Duk a banza. Tsoro ya kama shi sosai, domin malamin kiɗa da ba ya ji, ai aikinsa ya ƙare. Bai gaya wa kowa ba, sai ya koma gwada kansa a ɓoye, yana kaɗa cokali a kofi dab da kunnensa.

Matarsa tela ce, kekenta na falo, kuma ba abin da ke wuce ta.

"Malam, lafiya kake ta kaɗa min cokula? Ko su ma ka sa su a badujalar ne?"

Sai ya ce ta zo ta saurara, ta gaya masa tsakani da Allah ko tana jin sarewa. Ta tsaya da almakashi a hannu har kiɗan ya ƙare.

"Wace sarewa? Ni dai ganga ce ke neman fasa min kai."

Sai ya nemi kujera ya zauna. Tunda yake bai taɓa jin ƙorafi mai daɗin wannan ba.

Ita ce ta ce a buga waya ga Auta, 'yarsu da ta tafi makarantar koyon jinya, tunda ta saba zama kan kwamfutar. Auta ta saurari bayani ta kwashe da dariya.

"Baba, ka yi haƙuri, ni ce. Na rufe bakin sarewar ne don in riƙa busa wurin da tawa sarewar, na manta ban buɗe ba. Kai kuma ka ɗora sabon kiɗan a kan wannan fayil ɗin. Buɗe wurin daidaita sauti, a ƙarƙashin sarewa za ka ga wani maɓalli ya yi ja."

Ya gan shi, ya danna, ya yi mata addu'a har ta ce ya isa haka.

Sarewa ta shigo, siririya, tsaf a saman begila. Ya rufe ido yana bin ta. Dab da ƙarshe sai ya ɗaga yatsa.

"Akwai kuskure a nan. Na sauke sauti ɗaya fiye da kima."

"To mene ne abin murmushi a kuskure?" in ji matar.

"Na ji shi ne," ya ce. "Alhamdulillahi, na ji shi."

Bai gyara ba tukuna. Ya mayar da kiɗan baya kaɗan, ya sake kunnawa.