Kunnen Sinyora Ornella

Tun ƙarfe bakwai na safe nake kai da komo tsakanin taga da tebur, alhali sai goma Sinyora Ornella za ta iso. Kofi uku na sha a tsaye. Na goge tabarau ɗin na mayar akwatinsa, na sake ciro shi na goge ƙurar da babu ita. Shi kaɗai gare ni, kuma shekara biyu na kashe a kansa tun da na ajiye aikina a Milan na dawo masana'antar tabarau ta mahaifina a Cadore.

A ido tabarau ne kawai, baƙi, marar nauyi. Amma a cikin hannayensa biyu na cusa batir da wayoyi sirara kamar gashi, da 'yar lasifika daidai inda hannun yake lanƙwasawa a bayan kunne. Ka taɓa gefensa, ya karanta maka saƙo, ya faɗa maka hanya. Sinyora Ornella tana da shaguna goma sha ɗaya daga Torino zuwa Trieste. In ta ɗauka, aikina ya shiga duniya, ma'aikatanmu biyar da suka yi wata uku ba abin yi sai shara su koma bakin injinansu. In ta ƙi, ban san ƙofar da zan sake bugawa ba.

Babban tsorona Baba ne, wato Tarcisio. Shekara arba'in da shida yana yin tabarau, kuma yana da wata cuta: idonsa ba ya jure ganin tabarau a karkace a fuskar mutum. Ya taɓa zare na limamin cocinmu a bakin ƙofa, mutumin yana cikin gaisawa da jama'a. Yakan kara shi a injin iska mai zafi, ya lanƙwasa da babban yatsa, ya mayar maka ba ko sannu. Nawa kuwa zafi ajalinsa ne. Na faɗa masa ya fi sau goma, shi kuma ya ce abin da ba ya lanƙwasuwa rediyo ne, a daina ce masa tabarau. Ran nan sai da na sa ya yi alkawarin barin hannayensa a aljihu.

"To, Injiniya," ya ce. "Ko ƙaiƙayi ya kama ni, ke zan kira ki sosa min."

Da goma da minti ashirin ta shigo, 'yar ƙaramar mace mai furfura, tana tafiya kamar an biyo ta. Bayanin da na kwana uku ina haddacewa ko rabinsa ba ta bari na kai ba. Ta juya akwatin, ta yaba launinsa da tambarin da na zana, sannan ta sa tabarau ɗin ta taɓa gefe. Na ga lokacin da muryar ta shiga kunnenta, don murmushi ya suɓuce mata. Daɗi ya kama ni.

Tana juyawa za ta yi min magana, sai tabarau ɗin ya zame ta hagu. Kunnenta na hagu ya ɗan fi na dama sauka. Fuska dubu biyu na auna a kwamfuta na ɗauki tsaka-tsaki, ga shi matar da nake buƙata ba tsaka-tsaki ba ce. Ta tura shi sama da yatsa, ya dawo, ta sake turawa. Na saci kallon Baba. Hannayensa na motsi a aljihu kamar ya ɓoye ɓera, idonsa na kan silin.

A karo na huɗu ta cire shi, ta murza bayan kunnenta, ta duba agogo. Ta ce jirgin ƙasanta na sha ɗaya da rabi ne.

"'Yata, dabararki ta yi kyau. Amma abin da ya ishe ni cikin minti biyar, ba zan sayar wa wanda zai yini da shi ba."

Ba wanda ya tilasta ni. Da hannuna na ɗauka na miƙa wa Baba. Lissafina shi ne ta riga ta ji yana magana, saura ta ji ya zauna, daga baya na gina wani.

"Nives, kin san abin da zai faru."

"Na sani, Baba. Yi sauri."

Bai auna komai ba. Ya dubi fuskarta sau ɗaya, ya kunna injin, ya kara hannun hagu yana juyawa. Wani ɗan ƙauri ya tashi, ni kaɗai na san mene ne ya ƙone. Ya lanƙwasa, ya hura, ya ɗora mata da hannu biyu.

Ta taɓa gefe, shiru. Ta girgiza kai, ta sunkuya, ta ɗago, bai motsa ba. Ta shiga tambayar Baba inda yake sayen robarsa da yadda yake goge ta, ta rufe jakarta, ta ɗauki rigar sanyinta. Har ta kama hannun ƙofa Baba ya yi gyaran murya ya nuna mata fuskarta. Ta shafa, ta ji ashe tabarau ɗin yana nan, ta yi dariya sosai.

Ta dawo ta zauna, ta manta da jirgi. Ta ce guda ɗari huɗu take so kafin bazara, wannan siffa da wannan akwati da tambarina, amma a cire duk abin da ke ciki. Tabarau masu magana, in ji ta, manyan kamfanoni na zubo su da araha, baɗi kuma sun tsufa. Wanda mutum zai manta yana fuskarsa ne ba ta da shi. Ta kuma roƙi Baba ya zagaya shagunanta ya koya wa masu sayar mata lanƙwasawa.

Ta ƙofar ciki ina hango inuwar ma'aikatanmu, su biyar, sun daina ko motsi. Haushi ya taso min, ban ma san wa zan ji wa ba. Sinyora Ornella ta ciro alƙalami tana jirana.

Na ce mata to. Ma'aikata suka ɓarke da tafi a bayan ƙofa. Baba ne kaɗai a ɗakin ya san abin da na sallama da wannan kalma, ya tsaya yana ta goge injin da ba datti a jikinsa, ya kasa ɗaga kai ya dube ni.