Ƙaramin Ɗakin Baƙin Rago

Wilfred Ormerod ya ɗauki kansa masanin mashayar Baƙin Rago, alhali ba shi da wata hujja sai cewa ya fi kowa daɗewa a kan kujerarta. Tsoho ne, kuma tsufa bai rage masa baki ba.

Da aka rufe mashayar, ginin ya koma kantin kafet. Kantin ma ya mutu, yanzu wani kamfani na so ya rushe shi ya yi wurin ajiye motoci. Daga waje yana nan da kyansa, tayil kore mai sheƙi tun daga ƙasa har tagogi, ga kan rago na dutse a saman ƙofa. Ciki kuwa mai kafet ya fasa bangayen ɗakuna, ya kwashe kantar sayar da giya, ya lulluɓe abin da ya saura da farin allo, wurin ya zama fayau kamar sito.

Hukumar adana tsofaffin gine-gine ta ce kyan waje bai isa ba. Sai an samu wani abu na asali a ciki, in babu, katafila ta shigo. A taron unguwa Wilfred ya miƙe ya bugi ƙirji, ya ce ko da ido rufe zai nuna musu kowace ƙusa.

Ranar da jami'ar hukumar, Misis Pargeter, ta zo da wani kafinta, Wilfred ya sa kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da shi. Matarsa Doreen ta biyo shi da jakarta, ba wanda ya gayyace ta.

"Nan ne ɗakin maza," in ji Wilfred, yana dangwala sanda a ƙasa. "Nan kanta take. Nan kujerata."

"Madalla. Sai kuma me?" in ji Misis Pargeter.

"Nan kujerar Clegg, abokina. Ya rasu."

"Rufin fa, Mista Ormerod? An ce akwai ado a jikinsa."

Wilfred ya ɗaga kai. A nan ya gane bai taɓa ɗaga shi a wannan ɗakin ba. Duk shekarun nan idonsa daga kofi sai allon jifan kibiya, daga allon sai kofi. In da kunnen Clegg aka tambaye shi, da ya zana shi har da gashin ciki.

"To, ɗakin manya, mai kujerun fata da ƙararrawar kiran mai hidima fa?" in ji Misis Pargeter.

"Ban taɓa shiga ba," ya ce da alfahari. "Na masu ɗaura laktaye a wuya ne. Mu masaƙa ba ma zama da akawuna."

Bai rufe baki ba ya ji nauyin maganar. Ashe rabin ginin da yake taƙama da shi girman kai ya hana shi gani, ɗaya rabin kuma giya. Misis Pargeter ta fara mayar da alƙalaminta aljihu.

"Ba ku duba ƙaramin ɗakin ba," in ji Doreen.

"Wane ƙaramin ɗaki? Wurin ajiye tsintsiya ne, tsohuwa."

"Kai dai riƙe jaka, sarkin sani."

Ta miƙa masa, ta nufi kusurwar da ke jikin lungun waje, ta ƙwanƙwasa allon. Kafintan ya sa ƙarfe ya ɓanɓare. Ƙura ta tashi, ga wani ɗan ɗaki da bai wuce cin mutum huɗu ba. Bangonsa katako ne mai duhu, bencinsa na nan, ƙofarsa ta fita lungu an toshe ta da bulo. A bangon da ke kallon ɗakin maza akwai gilashi mai hazo da zanen rago, da 'yar taga da ake miƙo kofi ta ciki ba tare da an ga mai karɓa ba.

Misis Pargeter ta dafa ƙirji. Wilfred kuwa matarsa yake kallo.

"Ke ina kika san shi?"

"Duk Juma'a muna nan, ni da Mavis matar Clegg."

"Juma'a? Ai wajen mamarki kike zuwa!"

"Wajenta nake zuwa mana. Ga wurin zamanta nan, kusa da bango." Ta nuna idon ragon, inda gilashin yake garau. "Ta nan muke kallon ƙeyarka. Da ka fara waƙa sai in tashi, in riga ka gida in ɗora shayi."

Wilfred ya tuna yadda yake shiga gida yana sanɗa, yana tauna na'ana'a don kada wannan baiwar Allah ta ji warin giya. Ashe shi da ita duk taunawa suke yi.

Misis Pargeter ta ce wannan ɗakin ya isa a dakatar da rusau. Ta roƙi Doreen ta zauna a bencin a ɗauke ta hoto, ta kuma ba da labarin wurin a taron hukuma.

"Ni fa?" in ji Wilfred.

"Ai kana da aiki, Mista Ormerod." Ta ba shi tocila.

Ya tsaya a inda kujerarsa take a da, jakar mata a hannu ɗaya, tocila a ɗaya, cikin kwat ɗin jana'iza. Ya ce a ransa, ai kuwa kayan sun dace.

"Ɗaga hannu, Wilf," in ji Doreen. "Ragon za ka haska, ba takalminka ba."

Ya ɗaga.