Faifan Mama Deborah

"Likita ya ce a bar ta ta huta," in ji Blessing, ta tokare ƙofar ɗakin uwarta, Mama Deborah, da hannu.

Kulu ko gezau. Faifan agushi na hannunta, mata huɗu na bayanta, ita kuwa ba ta iya komawa gida da abin da ta ɗauko ba. Mijinta ma ya daɗe da sallama mata.

Shekara shida ke nan matan wannan layi na Unguwar Boro suna haɗuwa duk Alhamis a barandar Mama Deborah, suna ɓarar agushi. Dukkansu 'yan ƙauye ne da aure ko tashin hankali ya watso birni. Ƙa'idar zaman ɗaya ce: wadda faifai ya zo gabanta, ita ke ba da labarin rayuwarta. A nan Kulu ta faɗi yadda suka gudu suka bar gero ya nuna a gona, ta yi kukan da ba ta taɓa yi gaban kowa ba. Mama Deborah ce ta kafa zaman, amma da faifan ya iso gare ta sai ta tura gaba, wai nata ba daɗin ji. Jiya da Kulu ta kai mata kunu, tsohuwar ta riƙe mata hannu ta ce gobe a kawo faifan.

Blessing ta ce ai maganar ma da kyar take fita.

"'Yata, shekara shida tana jin namu," Kulu ta ce. "Ko kalma uku ce ta rage mata, yau sai mun ji."

Daga ciki aka ce, "Blessing, bar su."

Suka zauna a ƙasa, Kulu ta ɗora wa Mama Deborah faifan a cinya. Tana yi tana hutawa, ta ce a ƙauyensu wajen Doma, kafin ta auri baban Blessing, ta haifi ɗa, Matthew. Ƙyanda ta kama shi da damina. Ta ce bari ta ƙarasa shuka, kwana biyu kacal. Ran da ta goyo shi zuwa asibiti ta tarar rafi ya cika, ba hanyar ƙetarewa. A bayanta yaron ya rasu, a bakin ruwa, aka binne shi gindin wata ɗorawa. Kunyar kwana biyun nan ce ta rufe mata baki shekara arba'in.

Tausayi ya cika Kulu.

"Mama, ashe ina da yaya?" Blessing ta tambaya daga bakin ƙofa.

"Kina da shi. Ki riƙa kiran sunansa."

Ranar Asabar da safe ta rasu.

Alhamis ɗin da ta biyo bayan binnewa, matan suka yi ta leƙe daga ƙofofinsu, kowa na jin nauyi. Kulu ta ɗauki tsintsiya ta share barandar, ta shimfiɗa tabarma, ta zauna ita kaɗai tana ɓara har suka fito ɗaya bayan ɗaya.

Can Blessing ta fito, ta zauna inda uwarta ke zama. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta matsa, ta karye, ta ɗauki wata. Kulu ta tura faifan gabanta a hankali.