Taya Talatin da Uku

"Murɗa sitiyarin har ƙarshe," in ji tsoho Luvsan mai sayar da tayoyi a kasuwar Tsetserleg.

Tungalag ta murɗa. Sabuwar tayar da aka ɗaura don gwaji, mai inci talatin da biyar, ta gogi ƙarfen ciki har ta yi ƙara.

"Kin ji ko?"

"Kawu, ai sai a ɗan yanke ƙarfen. Ƙanena ya ce tunda an ɗaga motar, babbar taya ce ta dace da ita."

"Ƙanen naki shi zai tuƙa?"

"Yana Koriya."

"To, ya ci gaba da tuƙi daga can."

Ba ta yi dariya ba. Malamar makaranta ce, ba ta saba a yi mata gardama ba, ga lokaci yana ƙurewa. Da azahar za a sallami mahaifinta daga asibiti. Likita ya ja ta gefe jiya ya ce ba sauran abin da za su iya yi masa. Shi kuwa mahaifin nata abu ɗaya ya roƙa: a mayar da shi makiyayarsa, hayin kogin Tamir, inda matarsa da dawakansa suke. Ruwan sama ya cika kogin, shi ya sa ta kai tsohuwar jif ɗinta aka ɗaga.

Da ta gaya wa Luvsan haka, sai ya yar da sigarinsa. Ya gangaro da wata babbar taya gabanta.

"Ɗaga ta."

Ta rungume ta, ta yi nishi, tayar ba ta bar ƙasa ba.

"In ta fashe a daji, ke kaɗai da marar lafiya, wa zai ɗaura miki? Ga nauyi, birki ba zai kama da wuri ba. Kowane rami kuma a ƙashin bayan babanki zai sauka." Ya shiga ciki ya fito da wata mai inci talatin da uku, siririya. "Ba ta da kyan gani, kamar ni. Amma za ta yanka laka ta taka dutsen ƙasa. Kafin ki shiga ruwa ki rage iska, ki sa ƙaramin giya, kada ki ɗaga ƙafa daga kan totur ko me ya faru."

Shi da kansa ya ɗaura sababbin tayoyin, yana tsaki duk lokacin da gwiwarsa ta yi ƙara.

Da la'asar suka isa bakin kogin. Mahaifinta yana kwance a baya cikin bargo. Ruwa ya kai ƙasan ƙofa, motar ta ɗan karkata, amma ba ta ɗaga ƙafa ba. Tana jin tayoyin suna laluben duwatsu ɗaya bayan ɗaya har suka haura.

"Buɗe mini gilashi," in ji tsohon. "Ina jin ƙamshin hayaƙin gidana."

Mahaifiyarta ta tare su a ƙofar tanti da kwanon shayin madara. Ya sha rabi, abin da bai yi ba cikin mako biyu.

Tungalag ta hau tudun da waya ke kamawa ta kira Luvsan. Ta shirya maganganu da yawa a hanya, amma da ya ɗauka duk ta manta su.

"Kawu, mun haye. Ban san da bakin da zan..."

"Tsohon ya sha wani abu?"

"Ya sha."

Ta ji yana jan hanci.

"Gobe da safe ki sake ɗaure notunan tayoyin," ya ce, ya kashe wayar.