Rufin Asirin da Ya Hana Mu Rijiya

Har yau in na tuna da rijiyar burtsatsen nan sai in ji haushi. Kishi ne, ba na ɓoyewa.

Wata ƙungiyar agaji ce ta turo ma'aikaciyarta, Malama Jamilatu. Ta tara mu matan unguwa ta ce matsalolin duniya sun fi ƙarfin aljihunsu: ga yunwa, ga zazzaɓin cizon sauro, ga ambaliya a wasu ƙasashe. Sun auna sun ga ruwa mai tsabta ya fi ceton yara, kuma rabon Zariya rijiya ɗaya tak. Ko lungunmu na Kwarbai, ko Tukur-Tukur inda taubashiyata Batul take aure. Malama Jamilatu za ta dawo ran Laraba ta ga inda aka fi shan wahala.

Ni ce shugabar mata, ni na tsara komai. Baƙuwa ta shigo gidan malamai, jikokin alƙalai, ta tarar da ƙazanta? Muka yashe kwata, muka sayi ruwa kura uku muka cika randuna har da na aro. Yaran da gudawa ta ramar muka kai su ƙuryar ɗaki. Na dama mata fura da ruwan leda.

Da ta tambayi yadda muke fama da ruwa, Iya surukata ta gyara lulluɓi ta ce, "Alhamdulillahi, 'yar nan, asirinmu a rufe yake."

Matar ta rubuta.

Batul kuwa, da tun muna yara ba ta san kunya ba, ko tsintsiya ba ta ɗauka ba. Hannun baƙuwar ta ja har bakin rijiyarsu, ta ɗebo jan ruwa a kofi, ta ce ta sha in ta isa. Namu fa ya fi nasu wari!

Bayan wata huɗu aka kafa tanki da sola a ƙofar gidan Batul. Rijiyar Batul ake ce mata yanzu, sai ka ce da farcenta ta haƙa. Ranar buɗewa ta aiko mini da goro, wai in taho da babban bokiti. Na ce in na sha ruwan nan a canza mini suna.

Da 'yata Sumayya ta kwana uku tana gudawa, na kira mai kura na ce ya je can duk nisan, kada ya faɗi gidan da zai kai. Na ba yarinyar, na kurɓi ragowar. Abin haushi, ruwan garai-garai yake, ga daɗi.