Sunan Da Bakina Ke Iya Faɗa

Ina tankaɗen garin gero a tsakar gida Harisu ya yi sallama. Abokin ɗana ne, tare suke yi wa dabbobi allura a kasuwar Daura. Ya durƙusa daga bakin ƙofa bai ɗago kai ba, ya ce motar da suka shigo daga Zango ta faɗi, ɗana ya cika kafin a kai asibiti. Na yi salati, na ajiye rariya.

Ɗan farina ne, kuma sunan surukina aka sa masa, don haka tun da na haife shi sunan bai taɓa fita daga bakina ba. "Kai" nake ce masa, ko "wannan yaron". A zaman makoki kowa na ambatonsa, ni da na haife shi ba ni da abin kiransa. In na ɗauko labarinsa sai in tsaya.

Ana cikin haka abokansa suka shigo gaisuwa. Ɗaya ya ce Allah ya ji ƙan Yong. Sai na tuna. Kalmar Turanci ce da suka laƙaba masa a makaranta, don shi ne ƙaraminsu. Na taɓa tambayarsa ma'anarta yana ɗaure akuya. Ya ce ana faɗin ta ga duk abin da bai daɗe a duniya ba, ko yaro, ko ɗan akuya, har dashen itace. Wai tsoho ma in yana da kuzari ana ce masa haka. Na ce ashe Turawa ma suna yi wa tsofaffi daɗin baki. Ya yi ta dariya.

Na juya wajen Kande, ƙanwar maigidana, na ce, "Yong ba ya cin tuwo sai da yaji."

Ta dube ni. "Yaya, yau kuma ke ce da kiran suna?"

"Wannan ba na surukina ba ne. Na Turawa ne, ba kunya tsakanina da su."

Matan suka yi dariya suna share hawaye. Ranar na ba da labarinsa har aka kira la'asar.

Akwai mangwaron da ya dasa a bayan ɗakina, har yanzu bai wuce ƙuguna ba. Kullum bayan sallar asuba nakan juye masa sauran ruwan buta, in ce, "Yong, an tashi lafiya?" Sannan in je in hura wuta.