Karatun Farfela

Farfelar jirgin saman ta ƙi shiga motar. Malama ta kwantar da kujerar gaba, ta turo ta daga baya, hannun farfelar ɗaya ya tokare gilashi, ɗayan ya leƙo waje ta but. Maigidanta na tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi, yana yi mata kallon wanda ya riga ya faɗi ra'ayinsa aka ƙi ji.

"Motar koyar da tuƙi ce fa, ba a-kori-kura ba," ya ce. "In kika fasa gilashin nan, da me ɗalibanki za su fita gobe?"

"Riƙe min nan."

Ya ajiye kofin ya riƙe. Ta ɗaure but ɗin da igiya, ta lulluɓe abin da ya leƙo da tsohon zanen gado.

"Mutumin nan ya tsufa," ya ce a hankali. "Ki bar shi da Allah mana."

"Tun ina yarinya na bar shi da Allah. Yau zuwa kawai zan yi in ga inda aka kwana."

Mutumin da ake magana a kansa shi ne Kyaftin, aminin mahaifinta, wanda a da take kira Kawu. Su biyu suka yi Tsattsewa, wani ɗan jirgin gwaji mai kujera biyu da ba a taɓa ƙera na biyunsa ba. Mahaifinta injiniya ne, shi ya haɗa injin, Kyaftin kuma ya tuƙa. Ranar da aka tara manya za a nuna musu, jirgin ya zo wucewa ta gaban rumfarsu ya daki ƙasa. An zaro Kyaftin da karaya a ƙafa, kuma daga gadon asibiti ya shaida wa kwamitin bincike cewa injin ne ya mutu masa a sama. Wa zai ƙaryata mutumin da ke kwance da ƙafa a rataye? Aka ƙwace wa mahaifinta lasisi. Ya ƙare rayuwarsa yana gyaran janareto a bakin titi, 'yan gareji na kiransa Kashe-Inji a bayan idonsa, wani lokacin ma a gabansa. Kyaftin kuwa likkafa ta ci gaba, ya tuƙa manyan jirage har ya yi ritaya da tumbi da lambar yabo. Ko gaisuwar mutuwa bai zo ba.

Farfelar nan kaɗai mahaifinta ya tsira da ita daga tarkacen. Ya yi ta roƙon kwamitin su zo su dube ta, ba wanda ya taka. Malama ba ta taɓa sanin me yake so su gani ba. Ta ɗauka baƙin ciki ne kawai ya sa ya ƙi rabuwa da ita, don haka da ta gaje ta sai ta jingine ta a ɗakin ajiya tana shanya tsumman goge ƙasa a kai.

Sai a watan jiya wani likitan haƙori ya kira ta. Ya ce shi ne sakataren ƙungiyar masoya tsofaffin jirage, sun tsinci gangar jikin Tsattsewa a bayan wata makarantar koyon sana'a, suna gyara ta, suna kuma bin tarihin injinta. Cikin ladabi ya karanta mata abin da za su rubuta a allon da za a kafa a gaban jirgin: injin da mahaifinta ya haɗa ya mutu a sama, ƙwarewar matuƙi ce ta hana asarar rai. Ya tambaya ko sun rubuta sunan marigayin daidai. Ta kashe wayar.

Amma ta nemo bidiyoyinsu. Ashe kowace Asabar suna da wani wasa da suke kira karatun ƙarfe. Duk mai wani tsohon tarkacen jirgi yana iya kawowa, a ɗora kan tebur, su karanto tarihinsa daga jikinsa. Kyaftin ne shugaba, shi ne kuma gwanin wasan. A ɗaya daga cikin bidiyoyin ta gan shi, ya yi fari fat, yana shafa wata farfela yana cewa in inji a mace yake lokacin da jirgi ya taɓa ƙasa, hannuwan farfela baya suke lanƙwashewa. In kuwa inji na ja da ƙarfinsa, ƙarshensu gaba yake naɗewa. Ta tashi ta shiga ɗakin ajiya, ta yaye tsumman. Duka hannuwan biyu gaba suka naɗe. Ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza, da ta share hawaye kuma ba abin da ya rage a ranta sai son ramuwa, kuma ba ta ji kunyarsa ba.

Rumfar ƙungiyar na can ƙarshen wani tsohon filin jirgi da ciyawa ta cinye. Ciki warin man inji ne da na fenti. Tsofaffi ne kusan dukkansu, 'yan ritaya waɗanda matansu suka gaji da ganinsu a falo, kowa da fulas ɗinsa da tabaransa a wuya. A tsakiya Tsattsewa ce tsaye kan tayoyin aro, an sabunta mata shuɗin fentinta, hancinta a buɗe ba inji. Malama ta tsaya tana kallonta. A yadda take tuna ta, Tsattsewa ta fi haka girma.

Mutum biyu suka taya ta shigo da kayan. Likitan haƙorin, wanda muryarta kawai ya sani, ya tare ta da fara'a.

"Baiwar Allah, kin san ƙa'idar?"

"A tuna min."

"Wanda ya kawo ƙarfe ba ya cewa uffan sai an gama karatu. Ba a faɗin daga ina, ba a faɗin na wane jirgi ne. Dokar Kyaftin ce, ya ce labari yana ɓata ido."

"Gaskiyarsa," in ji Malama.

Likita ya kafa wayarsa a kan ƙafa uku ya fara ɗauka. Kyaftin ya taso da sandarsa yana ɗan ɗingishi, irin ɗingishin da ke ƙaruwa in akwai baƙi. Ya dube ta ya yi murmushi, bai gane ta ba. Ta yaya ma zai gane? Ya bar ta siririya da kitson makaranta, yau ga mace mai jika, wadda ta shekara da shekaru tana daka wa ɗalibai tsawa su taka birki.

Ya yaye zanen da kansa, ya yi fito.

"Kai, wannan ta sha wuya. Ku matso, ku matso. Me kuka gani?"

Suka kewaye teburin. Wani ya ce ta ƙaramin jirgi ce. Wani ya ce an taɓa shanya abu mai ruwa a kanta, ga tabo. Kyaftin ya kaɗa kai irin na malamin da ɗalibansa suka kusa amma ba su kai ba. Ya ɗora tafinsa a ƙarshen hannu ɗaya, ya juyo ya fuskanci wayar.

"Ku dubi nan. Ina ya naɗe? Gaba. Wancan fa? Gaba. Ku dubi waɗannan karce-karcen, a gicciye suke, tana juyawa ne tana yankar ƙasa. Injin da ke bayan wannan farfela lafiyarsa ƙalau, ƙarfinsa duka yake bayarwa. Ba inji ne ya kayar da wannan jirgi ba." Ya ɗan dakata don maganar ta zauna. "Direban ne. Irin masu sauko da jirgi ƙasa-ƙasa don a tafa musu. Na san irinsu. Duk inda yake, in yana da rai, a gaya masa Kyaftin ya ce ɗan burga ne."

Aka yi dariya. Malama ma ta yi, kuma ba ta tuna rabon da dariya ta yi mata daɗi haka ba.

"Bari mu ga ko za ta gaya mana sunanta," ya ce. Ya sunkuya kan cibiyar farfelar, ya lashi babban yatsansa ya goge dauɗar wajen. Can ƙasan ramin ƙusa akwai wani ɗan tambari da aka buga a jikin ƙarfen, layi uku da suka haɗu kamar sawun kaza. Mahaifinta ba ya sakin aiki sai ya buga shi.

Yatsan Kyaftin ya tsaya. Malama na kallon ƙeyarsa. Ya daɗe a sunkuye, har wani ya tambaya ko bayansa ne ya riƙe.

"To," ya ce da ya miƙe, muryarsa ta sauya. "Kada dai mu yi gaggawa. Wani lokacin, in an ja tarkace da mota bayan haɗari, ƙarfe yakan lanƙwashe yadda ya ga dama. Zai yiwu injin a mace yake."

Wani tsohon alƙali, wanda ya fi kowa haddace darussan Kyaftin, ya cire tabarau.

"Haba Kyaftin, gwada mu kake yi? Ai kai ka koya mana cewa ja da mota hannu ɗaya yake lanƙwasawa, ba biyu iri ɗaya ba."

"Ga kuma karcen," in ji wani. "Kai ka ce karce a gicciye ba ya fitowa sai tana juyawa."

"Na ce, amma..."

"Ka ce farfela ba ta san girman kowa ba."

Suka yi ca a kansa cikin nishaɗi, kowa na jawo maganarsa yana mayar masa, suna jin daɗin sun ci jarrabawa. Wanzami dai ba ya son jarfa. Malama ta harɗe hannu tana sauraro, ba ta sa baki ba, tunda doka ta hana.

Likita ne ya fara barin gardamar. Ya leƙa tambarin, ya taka zuwa hancin Tsattsewa, ya haska ƙarafunan da ake ɗaure inji a kansu. Sawun kazar na nan, sun yi makonni suna gardamar ko na wane ne. Ya dawo a hankali yana duban Malama, sauran ma suka bi idonsa, surutun ya mutu.

"An gama karatun?" ta tambaya.

"An gama," in ji Likita.

Ta juya ga tsohon. "Sannu, Kawu. Ya ƙafa?"

Kyaftin ya lalubi kujera ya zauna. Ta yi zaton in ta gan shi haka za ta ji tausayi, ta duba zuciyarta da kyau, ba ta samu ba. Mahaifinta kawai take gani tsugune a gaban janareton wani, ana kiransa da sunan nan yana amsawa.

Likita ya kai hannu zai kashe wayar.

"Bar ta," ta ce.

Ya bari. Ya ja ta gefe yana magana ƙasa-ƙasa, kunya ta rufe shi. Za su sake allon, ya ce, gaba ɗaya. Ranar buɗewa kuma Kyaftin ne aka shirya zai yi wa baƙi bayani, amma yanzu za su nemi wani, shi ya huta a gida.

"A kan me?" in ji Malama. "Duk cikinku wa ya kai shi iya karatu? Na ba ku farfelar, ku rataye ta a gaban jirgin, daidai ido. Duk wanda ya tambayi dalilin da ta naɗe gaba, a kira masa Kawu."

Ta jawo wata kujerar roba ta ajiye daf da ta Kyaftin, ta zauna, ta gyara jakarta a cinya.

"Likita, a sa ni a ƙungiya," ta ce. "Ƙarfe nawa kuke haɗuwa ran Asabar?"